Yadda Ake Kwantar da Ruwa Mai Laka da Alif ko 'Ya'yan Zogale Har Ya Zama na Sha

Da zarar damina ta kankama, ruwan rafi da na tafki sai ya koma kalar shayi mai madara. Har rijiyar da ba a ɗaure bakinta da kyau ba takan gurɓace bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ka ɗebo a bokiti ka ajiye, kafin ka juya yashi ya kwanta a gindi, amma ka dawo bayan kwana biyu sai ka tarar da sauran duhu-duhu a ruwan, ya ƙi washewa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin wannan: a ɗauko dunƙulen alif, wanda wasu ke kira alimun, a wulwula shi cikin randa, a jira. Dabarar tana aiki, babu musu. Inda gizo ke saƙar wuri biyu ne. Na farko, ba a auna alif ɗin, da ka ake yi. Na biyu, da an ga ruwa ya yi garau sai a ɗauka an gama, alhali rabin aikin aka yi.

Kafin mu taɓa bokiti, sai mun san irin dattin da muke faɗa da shi, don kowane iri da makaminsa.

Dattin ruwa kashi uku ne

Kicin ɗin gidanku ya isa ya koya maka wannan darasin kimiyyar sinadarai. Zuba gishiri ko sukari a ruwa ka juya. Ya ɓace, ruwan na nan garau, ko shekara zai yi a rufe ba zai kwanta ba, kuma babu ƙyallen da zai tace shi. Wannan shi ne narkakken haɗi. Ruwan kanwa bayan ya kwanta, da ruwan toka da ake tarfawa, duk danginsa ne.

Sai ka dubi gasara. An markaɗa gero, an tace, an ajiye, bayan 'yan sa'o'i kamu ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Wannan haɗi ne mai kwanciya, don ƙwayoyinsa suna da girma da nauyin da zai ja su ƙasa.

Tsakanin waɗannan biyun akwai na uku, shi ne mai taurin kan. Bai narke ba, kuma ba ya kwanciya. Madarar shanu misali ce, haka madarar waken suya, da kumfar sabulu, da hayaƙi, da ƙurar hazo da ke rataye a iska lokacin hunturu. Masana suna kiransa koloyid. Wani masanin sinadarai ɗan Sikotilan, Thomas Graham, shi ya raɗa sunan a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo. Ƙwayoyin koloyid ba sa wuce kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, wasu ma sun fi haka ƙanƙanta sau dubu. Lallausar lakar da ke hana ruwa washewa tana cikin wannan rukuni, tare da ƙwayoyin cuta da yawa da ke manne a jikinta.

A lissafin injiniyoyin ruwa, lallausan yashi yakan sauka zurfin mita ɗaya cikin kamar minti biyu. Ƙwayar da ta fi shi ƙanƙanta sau goma tana bukatar kamar awa biyu. Wadda take daidai da girman ƙwayar cutar bakteriya sai ta kwashe kamar kwana takwas, wadda ta fi wannan ƙanƙanta sau goma kuwa shekara biyu ake magana. Ka ga ke nan haƙuri kaɗai ba zai washe maka ruwan tafki ba.

Ba ƙanƙanta ce kaɗai dalili ba. Kowace ƙwayar laka tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, negetif, irin na gindin batir. Masu caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi, don haka ba sa haɗuwa balle su yi nauyi. Aikin alif shi ne ya shigo da caji fozitif mai ƙarfi ya kashe wannan ƙiyayya, sannan ya rikiɗa ya zama wani farin abu mai yauƙi-yauƙi da ke tattaro laka yana sauka da ita. Duk macen da ta taɓa yin awara ta ga wannan da idonta: madarar waken suya na tafasa, a zuba ruwan tsami, nan take ta tsinke, gudaje su ware gefe, ruwa ya ware gefe. Haka Fulani ke yi wa madara da tumfafiya in za a yi cuku, kodayake can wani sinadari ne na daban ke aikin. Abin da za mu yi wa ruwan tafki ke nan, mu tsinka shi kamar awara. Shi ne kuma abin da manyan matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano ke yi, sai dai su da buhu-buhu.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe koloyid da narkakken haɗi. Ka shiga ɗaki mai duhu da kofin gilashi, ka haska tocila ta gefensa. In ruwan gishiri ne mai tsabta, ba za ka ga hanyar hasken a cikin ruwan ba. Ka ɗiga madara ɗigo biyu ka sake haskawa, sai ka ga hasken ya ja layi kamar fitilar mota a daren hazo. Da sunan John Tyndall, masani ɗan ƙasar Ailan, ake kiran wannan al'amari. Riƙe wannan gwajin, za mu dawo kansa.

Abin da za ka tanada

Bokiti ko baho biyu na roba, da muciya ko sanda mai tsabta wadda ba a tuƙa tuwo da ita, da tsohon zane na auduga wankakke, da gorunan roba farare guda biyar masu cin lita ɗaya ko fiye, da sirinji sabo na mil 10 (wato mililita 10) daga kemis, a cire allurar a yar inda yaro ba zai tsinta ba. Sai alif, ko busassun 'ya'yan zogale. Sai kuma abin kashe ƙwayoyin cuta: ko itacen tafasawa, ko kulorin.

Gargaɗi ɗaya tun daga kasuwa. Alif dunƙule ne mai sheƙi kamar ƙanƙara, in ka lasa ka ji bauri da tsami-tsami. Sodar da ake haɗa sabulu da ita ma fara ce, kuma sau da yawa a rumfa ɗaya ake sayar da su. Ita tana cin fata, tana ƙona maƙogwaro ƙonewar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Kada ka sayi farin garin da ba ka tabbatar da shi ba, kada kuma ka gwada shi da harshe. Sayi alif a dunƙule ka daka da kanka.

Mataki na farko: ɗiba da tata

Ɗebi ruwa daga inda ya fi tsabta, sama da inda ake wanki da shayar da dabbobi, ba ƙasa da su ba. Ninka zanen nan gida huɗu ko takwas, ka ɗaure a bakin bokiti, ka zuba ruwan ta ciki. Tsohon zane ya fi sabo, don wanki ya sa zarensa ya yi laushi, ƙofofin sun matse. Kada ka raina wannan mataki. A Bangaladash, binciken da Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa ƙauyukan da mata ke tace ruwa da ninkakken tsohon zane sun samu raguwar kwalara da kusan rabi. A nan gida ma, ƙyallen tata na cikin makaman da aka yaƙi kurkunu da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. Bayan kowace tata a wanke zanen, a shanya shi a rana ya bushe ƙarau, kuma a riƙa lura da gefen da datti ya taru don kada a juya shi gobe.

Bar ruwan ya zauna awa ɗaya ko biyu, mai kwanciya ya kwanta, ka tsiyaye na sama. Duk lakar da ta sauka da kanta alif ɗinka ta rage maka. In da hali ruwan ya kwana biyu a rufe, ya fi, don tsutsar tsargiya da ke iyo a ruwan tafki ba ta wuce kamar kwana biyu da rai in ba ta samu jikin mutum ba.

Mataki na biyu: haɗa ruwan alif

A nan muka rabu da tsohuwar hanya. Maimakon jefa dunƙule a randa, narkar da alif za mu yi a san ƙarfinsa. Daka shi ya yi laushi, ka auni giram 10, wato kusan cokalin shayi biyu shafaffu, ka zuba a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka girgiza har ya narke tas. Kowane mil ɗaya na wannan ruwan yana ɗauke da miligiram 10 na alif. A gorar roba ake ajiye shi, ba a kwanon ƙarfe ba, don yana da tsami, yana cin ƙarfe. Rubuta sunansa a jikin gorar da manyan baƙaƙe, ka ɗora can sama. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya in ya ga ruwa a gorar lemo.

In ba ka da sikeli, kada ka damu da ko cokalinka ya ɗan fi ko ya ɗan gaza. Mataki na gaba zai gyara wannan, muddin da wannan gorar ka yi gwajin kuma da ita za ka yi aikin.

Mataki na uku: gwajin goruna biyar

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Babu wanda zai iya faɗa maka daga nesa cewa alif kaza ne ya dace da ruwanka. Ruwan kogin Hadejia daban, na Gulbin Maraɗi daban, kuma ruwan rafi ɗaya ma na watan Yuni ba ɗaya yake da na Satumba ba. Ma'aikatan matatar ruwa kansu gwaji suke yi a kofuna kafin su saki alif a tanki.

Jera gorunan nan biyar, ka zuba wa kowace lita ɗaya ta ruwan da kake son gyarawa. Da sirinji, sa wa ta farko mil 2 na ruwan alif, ta biyu mil 4, ta uku 6, ta huɗu 8, ta biyar 10. Rufe kowace ka girgiza da ƙarfi na kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Daga nan sai ka sassauta: ka riƙa juya su a hankali, kana kifawa kana tayarwa kamar mai lallashin jariri, na minti biyar. Ajiye su a jere, ka bar su minti 30 zuwa awa ɗaya.

Za ka ga abin mamaki in ba ka taɓa yi ba. Ta farko wataƙila tana nan da duhunta. A wata daga cikin na tsakiya za ka ga gudaje kamar tsinkakkiyar audugar rimi suna sauka, sama ta washe. Ta ƙarshe, wadda ta fi shan alif, sau da yawa ba ta fi ta tsakiyar kyau ba, wani lokaci ma ta fi ta muni. Dalili kuwa, in alif ya yi yawa sai ya lulluɓe ƙwayoyin lakar har su koma fozitif gaba ɗayansu, su sake ture juna kamar da, ga kuma tsamin da ya ƙara wa ruwan. Zaɓi gorar da ta washe da mafi ƙarancin alif. In ta mil 4 da ta mil 6 duk sun yi kyau, ta mil 4 ce taka.

In babu wadda ta washe, abu biyu ne. Ko lakar ta yi yawa ƙwarai, sai ka sake gwajin da mil 12 zuwa 20. Ko kuma ruwan da ma mai tsami-tsami ne, alif kuwa ya fi aiki a ruwan da ke tsaka-tsaki, ba tsami ba kanwa-kanwa. A nan sai ka gwada sa ɗan bekin soda, wato ta girki, ba sodar sabulu ba, abin da bai wuce kan tsinken ashana ba, a kowace gora kafin alif. Ban ba da shawarar kanwa ba, don ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule.

Mataki na huɗu: babban aikin

Lissafin mai sauƙi ne: abin da ya yi wa lita ɗaya, ka ninka da yawan litocinka. In mil 4 ne ya ci gwaji, jarka mai lita 25 irin ta 'yan garuwa tana bukatar mil 100, bokiti mai lita 20 mil 80, duro mai lita 200 kuma mil 800. Duba ka gani, giram ɗaya tak na alif ke nan a jarka guda. Kwatanta da dunƙulen da ake wulwulawa har hannu ya gaji.

Zuba ruwan alif ɗin gaba ɗaya, ka juya da muciya da ƙarfi na minti ɗaya don ya game ko'ina kafin ya fara aiki. Sai ka koma juyawa a hankali, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa uku ko huɗu, na minti biyar zuwa goma. Wannan juyi na hankali shi ke haɗa ƙananan gudaje su zama manya. Mai gaggawa da ya ci gaba da bugawa da ƙarfi farfasa su yake yi, ya mayar da hannun agogo baya. Cire muciya, rufe, kada kowa ya taɓa bokitin har awa ɗaya ko biyu.

Wajen tsiyayewa ma akwai dabara. Gudajen nan ba su da nauyi sosai, ɗan girgiza kaɗan sai su tashi. Ko ka karkata bokitin sannu a hankali, ko ka yi amfani da tiyo mai tsabta da aka cika da ruwa ka janyo daga sama, ba da baki ba. Bar kamar faɗin tafin hannu na ruwa a kan lakar, kada ka yi rowa. Sake bi da ruwan ta cikin zane mai tsabta. Lakar da ta rage kuwa nan ne dattin da ƙwayoyin cutar suka taru, a zubar da ita nesa da rijiya, inda kaji da awaki ba za su sha ba.

Yanzu ɗebi kofi ka shiga ɗaki da tocila. In layin hasken ya dushe ƙwarai, aiki ya yi. In ruwan yana da bauri a harshe ko yana sa haƙora dasashi, alif ya yi yawa, ka surka da wani ruwan ka rage awo gobe.

In zogale za ka yi amfani da shi

Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna washe ruwa da 'ya'yan zogale, kuma daga wurinsu ne wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, ta ɗauko ilimin ta yaɗa shi a rubuce-rubucenta na wajejen 1980. A cikin ƙwayar akwai wani furotin mai caji fozitif da ke yin irin aikin alif. Ya fi alif ta fuska biyu: ba ya ƙara wa ruwa tsami, kuma a bayan gida yake tsirowa.

Sai kwanson da ya bushe a kan bishiya ya koma ruwan ƙasa. Ɓare 'ya'yan, ka cire baƙin ɓawon da fukafukansa, ka ɗauki farar ƙwayar ciki, ka yar da duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Awon da aka saba da shi: ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi laka sosai, ƙwaya ɗaya ga lita biyu in tsaka-tsaki ne, ɗaya ga lita huɗu in duhun kaɗan ne. Bokiti mai lita 20 na ruwa tsaka-tsaki ke nan ƙwaya goma. Daka su lukui, ka tankaɗe, ka zuba garin a ƙaramar gora da kofi ɗaya na ruwa mai tsabta, ka girgiza da ƙarfi na minti biyu zuwa biyar har ya yi fari kamar madara. Tace wannan madarar da ƙyalle zuwa cikin bokitin. Daga nan juyi iri ɗaya ne da na alif, na ƙarfi sannan na hankali, sai jiran awa ɗaya zuwa biyu. Gwajin goruna yana aiki a nan ma.

Aibin zogale shi ne abinci ne. Abin da ya rage a ruwan ƙwayoyin cuta za su ci su hayayyafa, in ya kwana ya wuni sai ya fara wari. Don haka kullum sabo ake haɗawa, a tsiyaye da zarar ya kwanta, a kuma shanye ruwan a ranar. Ba ya kuma yin aiki sosai a ruwan da duhunsa kaɗan ne. A ganina, gidan da ke tara ruwan kwana uku a duro alif ya fi masa, mai ɗebo bokiti biyu kullum kuwa zogale ya ishe shi.

Mataki na biyar, wanda ba a tsallakewa: kashe ƙwayoyin cuta

Ruwa ya yi garau, amma ba a ce ya zama na sha ba. Alif da zogale suna sauka da kaso mai yawa na ƙwayoyin cuta, ba duka ba, kuma abin da ya rage ya isa ya kwantar da gida guda. A 2021 Najeriya ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Tafasawa ita ce mafi tabbas. Ba ɗumamawa ba, tafasa ta sosai mai ɓulɓula, a bar shi minti ɗaya yana yi, sannan a sauke ya huce a rufe. Ruwan jariri da na mara lafiya wannan hanya ce tasu, don akwai wata ƙwayar gudawa, kiriptosporidiyam, da kulorin na gida ba ya iya wa.

Inda itace da gawayi suka yi tsada, sai kulorin. In kana da irin wanda aka yi musamman don ruwan sha, kamar WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, bi abin da aka rubuta a jiki, don ƙwayoyin girma-girma ne, akwai ta lita ɗaya akwai ta jarka. In bilicin wanki ne a hannunka, sai wanda ba a sa masa turare ko sabulu ko kala ba, kuma ka karanta ƙarfinsa a jikin robar. Ana neman miligiram 2 na kulorin a kowace lita ta ruwan da ya washe. Bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 yana da miligiram 35 a kowane mil. Jarka mai lita 25 tana bukatar miligiram 50, wato kusan mil ɗaya da rabi. Bokiti mai lita 20, mil ɗaya da ɗan ɗoriya. Duro mai lita 200, mil 11 zuwa 12. In ƙarfin bilicin kashi 5 ne, mil ɗaya ya ishi jarkar. Da sirinji ake aunawa, ba da murfi ba, ba kuma da "ɗan tsiyaya kaɗan" ba. Ware wa bilic sirinjinsa daban.

Zuba, juya, rufe, jira minti 30 cif. Buɗe ka shinshina. Ya kamata ka ji ɗan ƙanshin kulorin sama-sama, shi ne shaidar cewa ya gama da dattin ciki har ya yi saura. In ba ka ji komai ba, sake zuba awo ɗaya ka ƙara jiran rabin awa. Wannan yakan faru da ruwan da aka washe da zogale, ko in bilicin ya tsufa, don zafi da rana suna cinye ƙarfinsa. A inuwa ake ajiye shi.

Ga dalilin da ya sa kulorin ke zuwa ƙarshe: in ka zuba shi a ruwa mai laka, lakar da ruɓaɓɓen ganye za su shanye shi, ƙwayoyin cuta kuma su laɓe a cikin ƙwayoyin lakar inda ba zai kai gare su ba. Sai an kwashe koloyid ɗin sannan narkakken maganin ke samun fili.

Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko ruwan batir, ko ruwan kal, ko wani abu mai tsami, ciki har da gorar ruwan alif ɗin da ka haɗa. Iskar kulorin ce ke tashi, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Da duk abin da ke da amoniya ma wata iskar mai guba yake bayarwa. In tsautsayi ya sa an haɗa, a fita waje nan take, a buɗe ƙofa da taga. In yaro ya sha bilic ko soda, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da robar a hannu.

Ajiya

Ruwa da yawa a gida yake lalacewa bayan an gama wahalarsa. Randa mai faɗin baki, moɗa a ƙasa, kowane yaro ya zo ya tsoma hannu har wuyan hannu. Jarka mai ƙaramin baki da murfi, ko bokiti mai famfo, su suka fi. In randa ake so don sanyinta, a samo mata murfi da moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa, a kuma riƙa wanke ta duk mako. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta.

Abin da duk wannan ba ya cirewa

Mu koma kashi na farko, narkakken haɗi, wanda ido ba ya gani, tocila ba ta nunawa, zane ba ya tarewa. Alif ɗin kansa in ya wuce kima nan yake komawa. A watan Yulin 1988, a yankin Camelford na Ingila, an juye tan 20 na sinadarin alif na matatar ruwa a tankin da ba nasa ba, ya bi famfo zuwa gidajen mutum kusan 20,000, tsaminsa har ya riƙa narkar da ƙarfen bututu cikin ruwan shansu. Masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda, jikinsu ba ya iya fitar da sinadarin alminiyam da ke cikin alif yadda ya kamata, don haka su nemi shawarar likitansu kafin su dogara da ruwan alif.

Sannan akwai abin da ruwan ya taho da shi daga ƙasa. A garin Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatse mai haske tas, amma mai yawan sinadarin fuloraid, ya lalata haƙora ya kuma tanƙwara ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa fuloraid miligiram 1.5 ce a lita. Naitiret, wanda ke tsiyaya daga takin zamani da masai zuwa rijiyar da ke kusa, iyakarsa miligiram 50, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasawa ba ta korar waɗannan, ƙara musu ƙarfi ma take yi, tunda ruwa ne ke tashi a tururi su kuwa suna nan. Kududdufin da ake wanke ƙasar zinariya a ciki ma ba wurin ɗibar ruwan sha ba ne ko an sa alif buhu guda. Gubar dalmar da ta fito daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Haka ruwan ambaliya da ya ratsa cikin gari, irin wanda ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau: ya kwaso man inji da fetur da maganin gona da abin cikin masai, ba na gyarawa a bokiti ba ne in akwai wani.

Alamun da za su sa ka daina dogaro da gyaran gida: haƙoran yaran unguwa suna fitowa da tabo ruwan ƙasa, ko ruwan yana da ɗanɗanon gishiri ko na ƙarfe, ko warin mai, ko rijiyar ba ta kai mita 30 daga masai ba. A irin wannan hali, wanke gora mai tsabta sau uku da ruwan rijiyar, ka cika ta har baki, ka rufe, ka rubuta rana da wurin da aka ɗebo, ka kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiharku ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa a ranar, ka ce a duba maka fuloraid da naitiret da dalma.